Yadda za ka duba tsohon littafi ko takardar tarihi kafin ka zuba kuɗinka

Abu na farko da mai son tara tsofaffin littattafai ya kamata ya cire a ransa shi ne wai tsufa kaɗai na sa abu tsada. Akwai littattafan da suka haura shekara 200 suna nan jibge ba mai ko tayawa, saboda an buga su da yawa kuma ba wanda ke neman su. Abin da ke ɗaga darajar littafi shi ne ƙarancinsa, da yawan masu nemansa, da cikarsa, da lafiyar jikinsa. Kafin ma a kai ga wannan sai ka tabbatar abin da ke hannunka gangariya ne, kuma wannan tabbacin a jikin takardar za ka samo shi, labarin da mai sayarwa zai ba ka sai dai ka ji kawai.

Kayan aikin ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki 10, ƙaramar tocila, abin awo, fensir da ɗan littafin rubutu. In ka samu tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗin jabu da ita to madalla.

Fara da takardar. Ɗaga falle ɗaya a hankali ka sa haske ta bayansa. Takardar da aka yi da hannu a Turai kafin wajen 1800 da tsumma ake yin ta, ana tsamo ta da wani mataci na waya, shi ya sa za ka ga siraran layuka jere kusa da juna, sannan wasu layukan masu ɗan nisa tsakaninsu, kamar faɗin yatsa biyu, sun gitta su. Sau da yawa akwai tambarin mai yin takardar a ciki, hoton kan bijimi ko hannu ko kambi ko haruffan sunansa, wani lokacin har da shekara. Takarda mai santsi marar layukan nan sai wajen 1757 ta bayyana a Ingila daga hannun James Whatman, kuma ta ɗauki shekaru kafin ta bazu. Toh kaga in aka miƙo maka littafi an ce na 1650 ne amma ka haska ka ga takardar sumul ba layi ko ɗaya, ai magana ta ƙare tun a nan. Wani abin da ke ruɗar sabon shiga kuma, takardar tsumma ba ta saurin lalacewa, za ka ga littafin shekara 400 fari tas yana da ƙwari, na 1890 kuwa ya yi ja yana karyewa a hannu, dalili shi ne daga tsakiyar ƙarni na 19 aka koma yin takarda da niƙaƙƙen itace mai cin kansa da kansa. Don haka jan takarda ba shaidar tsufa ba ne, masu jabu ma da ruwan shayi suke rina ta. Shuɗin hasken nan kuma in ka haska takarda ta yi ta ƙyalli fari fat, to akwai sinadarin ƙara fari a ciki, wanda sai wajen shekarun 1950 aka fara sawa.

Daga nan sai rubutun. Tsohon bugu da haruffan ƙarfe ake yin sa, ana danna su cikin takarda mai ɗan laima, saboda haka suna barin gurbi. Kwantar da tocilarka a gefen shafin yadda hasken zai bi ta kansa a kwance, za ka ga kowane harafi ya ɗan nutse, in ka juya baya ma wani lokacin ka ji tudunsa da yatsa. Kwafin zamani a shimfiɗe yake lumui.

Zane-zane su ne inda aka fi cutar mutane, don su ne ke jan ido, kuma su ake yankowa a sa a firam. Sai ka san ta wace hanya aka buga hoton. Wanda aka sassaƙa a katako tare da rubutu ake buga shi a shafi ɗaya, layukansa masu kauri ne, tawadar takan ɗan taru a bakin layi. Wanda aka zana a farantin jan ƙarfe daban ake buga shi da matsi mai ƙarfi, shi ya sa za ka ga sawun gefen farantin ya zagaye hoton kamar an danna akwati, tawadar kuma tana ɗan tasowa bisa takarda. Bugun dutse da Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Jamus wajen 1796 shi ba ya barin gurbi, ƙarƙashin gilashi yana kama da zanen alli. Duk waɗannan halal ne a zamaninsu. Wanda za ka guje wa shi ne wanda in ka ɗora gilashi ka ga hoton ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo-ɗigo a jere reras, ja da shuɗi da rawaya da baƙi. Wannan dabarar sai daga shekarun 1880 ta shigo, in ka gan ta a hoton da aka ce na 1700 ne to fosta ce kawai.

Ɗauki littafin tsuntsayen Amurka na John James Audubon, wanda aka buga tsakanin 1827 da 1838. Hotuna 435 ne, kowanne an shafa masa launi da hannu, fallen ya kai kusan mita ɗaya a tsayi, kuma na asalin yana ɗauke da tambarin Whatman da shekara a cikin takardar. An sake buga hotunan nan ba adadi, kusan duk wanda za ka ci karo da shi kwafi ne. Da abin awo da tocila da gilashi, minti biyar ya ishe ka ka gane. Launin hannu kuwa in ka duba da kyau za ka ga inda burushi ya ɗan tsallake layi, da inda ruwan ya fi taruwa. Sai dai a nan ma akwai wayo, wasu dillalan kan ɗauko tsohuwar taswira ta gaskiya wadda asalinta baƙi da fari ce su sa a yi mata launi yanzu don ta yi kasuwa. Ka tambaya kai tsaye, launin na zamanin bugun ne ko na baya? Koren da akan yi da jan ƙarfe a da yakan ci takarda ya fito ruwan ƙasa ta baya, juya fallen ka gani.

Sai aikin da kowa ke ƙyuya a kansa, ƙirga. Zauna ka bi littafin falle-falle. A ƙasan shafukan tsofaffin littattafai akwai ƙananan alamu irin A, A2, A3, sai B, an sa su ne don mai ɗinki kar ya rikice, kuma a ƙarshen shafi sau da yawa ana rubuta kalmar farko ta shafi na gaba. Bi su ɗaya bayan ɗaya, inda suka yi tsalle to an yi asarar falle. In akwai jerin hotuna a gaba ko a baya ka ƙirga su da kanka, musamman taswirori masu naɗi, su ake fara sacewa. Littafin da ya rasa shafin suna ko taswira ɗaya darajarsa na iya faɗuwa warwas. Ka lura kuma da fallen da ya fi 'yan'uwansa fari ko gajarta, ko ramin ƙwaro da ya ratso shafuka goma ya tsaya cak a wani falle sannan ya ci gaba a na bayansa, wannan fallen daga wani wuri aka kawo shi aka cusa. Kundin WorldCat a intanet zai nuna maka yawan shafuka da hotunan da dakunan karatu suka rubuta wa nasu kwafin, in kuma littafin na kafin 1501 ne to kundin ISTC na ɗakin karatu na Birtaniya ne wurin dubawa.

Takardu masu falle ɗaya, irin sanarwa da tsofaffin jaridu, sun fi komai yawan kwafi. Sanarwar 'yancin kan Amurka da John Dunlap ya buga a daren 4 ga Yuli 1776 kusan 200 aka yi, 26 aka san suna nan. Gaskiya ne a 1989 wani ya tsinci ɗaya a bayan wani tsohon hoto da ya saya dala 4, kuma wannan labarin ya sa mutane da yawa mafarki, amma na tsaraba da aka buga a takarda mai launin ruwan ƙasa sun cika duniya. Haka jaridar Ulster County Gazette ta 4 ga Janairu 1800 mai labarin rasuwar George Washington, shugaban Amurka na farko, an yi ta sake buga ta shekara da shekaru, na asali biyu kacal aka sani. Duk takardar da ta shahara sosai, fara da zaton kwafi ce har sai ta wanke kanta.

Kar kuma ka ɗauka gwanaye ba sa faɗawa. An taɓa fito da wani kwafin littafin masanin taurari Galileo na 1610 mai zanen wata, masana suka yi nazari suka ce gangariya ne, haruffan har gurbi suna da shi, sai a 2012 wani masanin tarihi Nick Wilding ya tona asirin cewa jabu ne. Wanda ya sa aka ƙera shi, Marino Massimo De Caro, shi ne kuma aka ɗaure kan wawashe ɗakin karatu na Girolamini a Naples ta Italiya alhali shi ne shugaban wurin. Wannan ya kawo mu ga tambayar daga ina abin ya fito. Nemi tarihin hannayen da ya bi, rasit, takardar gidan gwanjo, sunan mai shi na da a cikin bango. Hatimin ɗakin karatu ba tare da hatimin da ke nuna sun sallama shi ba, ko wurin da aka kankare aka goge, ja da baya. E. Forbes Smiley dillalin taswira ne da ake girmamawa a da, a 2005 aka kama shi a jami'ar Yale bayan an ga reza a ƙasa, ya amsa cewa ya yanke taswirori 97 daga dakunan karatu daban-daban. Waɗanda suka saya a hannunsa sai da suka mayar.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, falle ɗaya daga babban littafi hanya ce ta shiga. Littafin tarihin duniya da aka buga a Nuremberg ta Jamus a 1493 yana da hotuna 1,809 daga katako 645 kawai, wato hoton gari ɗaya sai a canza masa suna ya zama wani garin, ba ruwansu, kuma fallayensa suna yawo a kasuwa sosai. Ni dai ina ƙyamar masu farke lafiyayyen littafi don sayar da hotuna ɗai-ɗai, amma wanda aka riga aka farke tun tuni ba laifin mai saye ba ne.

In abin ya shigo hannunka, babban aikinka shi ne kar ka gyara shi. Ba salatif, ba gam, ba lamineshin, wannan na ƙarshen kisa ne kai tsaye. Kar ka sa a sake masa bango don ya yi kyau, tsohon bangon ko ya yage ya fi sabo daraja. Wanke hannu ka busar ya fi safar hannu, don safa na hana ka jin takarda har ka yaga ta. Ajiye shi nesa da rana da danshi, zafi wajen digiri 18 zuwa 20, laimar iska kashi 40 zuwa 50, manya a kwance ƙanana a tsaye, fallaye kuma cikin jakar takarda marar asid. Duk abin da za ka rubuta da fensir, a wata takarda daban. Kuma tun kafin ka biya ka sa mai sayarwa ya rubuta maka shekarar bugu, yawan hotuna, duk gyaran da aka taɓa yi, da sharaɗin cewa zai karɓi kayansa in bayanin bai zama gaskiya ba. Wanda ya ƙi rubutawa ka bar masa abinsa.