Yadda ake fatsa a rafukan duwatsu da ke zuba Kogin Kano

Yawancinmu 'yan birni a kududdufi muka koyi fatsa, inda ruwa ke kwance, ka jefa ƙugiya ka zauna jiran tarwaɗa. Da wannan sabo ne samari ke tafiya rafukan kudu, wajen Doguwa da Riruwai, su yini cur su dawo hannu rabbana. Ruwan can gudu yake yi. Kogin Kano daga gindin tsaunukan Jos yake tasowa, ƙananan rafuka na zubo masa ta tsakanin duwatsu, ya ratsa dajin Falgore ya shiga dam ɗin Tiga, daga bisani ya haɗu da Challawa wajen Tamburawa su zama Kogin Haɗeja.

Ka bari sai damina ta ɗauke, daga Oktoba zuwa Disamba. Cikin Agusta kada ka kuskura. Ana iya tafka ruwa a kan tudu, kai kana ƙasa rana na dukanka, sai dai ka ji rugugin rafi ya cika ya taho. In ka isa, fara gaida Sarkin Ruwa, ka tambayi inda aka yarda a taka.

Kada ka ɓarnatar da kuɗi kan sandar kanti. Gora siririya ta isa, da ƙananan ƙugiyoyi, da dalma mai nutsar da ƙugiya, da tana a gwangwani mai damshin ƙasa.

Inda ake kuskure shi ne wurin jifa, ni ma nan na sha kashi. Zuwana na farko tsakiyar igiyar ruwa na dinga jefawa, ganin nan ya fi zurfi. Ƙugiya bakwai duwatsu suka cinye min, ban kama ko ɗan tsako ba. Kifi ba ya tsayawa inda zai gaji. Nemi babban dutse, ka duba bayansa, inda ruwa ke juyawa ya lafa, kumfa da busassun ganyaye suna kewaya wuri ɗaya. Nan yake fakewa yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. Tsaya ta ƙasa da dutsen, ka jefa sama da shi kaɗan, ka bar ruwan ya gangaro da tanar da kansa. Dalma ɗaya tak, in ta yi nauyi sai ta maƙale. Kuma kada inuwarka ta faɗa kan gurbin, musamman in ruwan ya washe har kana hango tsakuwa.

Kawara takan kai cafka kusa da sama. Karfasa na gefen ciyawa. Kurungu kuwa yana ƙasa a lungun dutse, ya fi ci gab da magariba. In ya fito yana gurnani, kama shi ta bayan ƙayoyin gefensa, don sukarsa na da raɗaɗi.

Fasa cikinsu nan take, ka barbaɗa gishiri, ka naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Motar ƙarshe zuwa Kano ba ta jira, kuma hanyar Falgore ba ta dare ba ce.