Bizar karatu ta Ingila: a Katsina ake gama aikin, yatsu kawai ake kaiwa Abuja

Tun da na dawo daga karatun digiri na biyu a Ingila, da wuya a yi sati biyu ba a turo min wani yaro gida ba, a ce masa, "Je ka wurin yayanka ya nuna maka yadda ake neman biza." Tambayar farko kusan kullum ɗaya ce: wa na sani a ofishin jakadanci? Ban san kowa ba, ban ma taɓa taka ƙofar wurin ba. Abin da ake yi a Abuja bai fi na awa guda ba, a ɗauki hotonka, a ɗauki zanen yatsunka, ka kama gabanka. Ainihin aikin a nan gida ake yinsa, watanni kafin tafiya, tsakanin banki da ofishin shige da fice da akwatin takardun mahaifinka. Na Ingila zan yi bayani don shi na bi da ƙafata, kowace ƙasa kuwa da nata tsarin.

Fara da sunanka. Ka shimfiɗa tabarma, ka jera takardar haihuwa, sakamakon WAEC, shaidar digiri, takardar NIN da fasfo in kana da shi, ka karanta su harafi bayan harafi. Mu mun ɗauki suna da sauƙi. Hedimasta ya rubuta yadda ya ga dama, mai shagon intanet da ya yi maka rajistar jarrabawa ya rubuta nasa, wani wurin sunan kaka ne a ƙarshe, wani wurin sunan gari. Ni a WAEC sunan kakana ne, a NIN kuma Katsina aka liƙa min. Ranar haihuwa ma haka, musamman waɗanda suka rage shekaru don kada bautar ƙasa ta wuce su. Tunda yanzu daga NIN ake ɗauko bayanan fasfo, NIN ɗin za ka fara gyarawa, sannan ka je fasfo. Inda takardar makaranta ta saɓa kuma, ka yi takardar rantsuwa a kotu ka ajiye. Wannan gyaran kaɗai yana iya cin wata biyu, shi ya sa nake cewa a fara shi tun ba a nemi makaranta ba.

Neman gurbi kana iya yinsa da kanka a shafin jami'ar. Dillalan karatu suna nan da yawa, akwai na kirki, amma ka sani jami'o'i da dama suna biyansu la'ada a kan kowane ɗalibi, don haka wanda ya tsawwala maka kuɗi ka yi masa kallon tsanaki. Kuma kada ka yarda a buɗe imel da sunanka alhali makullinsa yana hannun wani. Takardar sakamakon darussanka ta jami'a ka nema da wuri, tawa sai da na yi sawu huɗu kafin ta fito. Jami'o'i da yawa suna karɓar C6 ko sama a Turancin WAEC a madadin jarrabawar Turanci ta IELTS, sai ka tambaya kafin ka kashe kuɗin jarrabawa.

Takardar da aka ce an ba ka gurbi ba da ita ake neman biza ba. Abin da ake nema shi ne CAS, wata lamba da jami'a ke bayarwa bayan ka cika sharuɗɗanta ka biya kafin alƙalami. A jikinta ake rubuta kuɗin makarantar shekara da abin da ka riga ka biya. Ka duba lambar fasfonka da waɗannan alƙaluma da kyau, domin da su za a auna ka. Sau ɗaya ake amfani da ita, kuma wata 6 take yi ta mutu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: kuɗin asusu. Ana so ka nuna ragowar kuɗin makarantar shekarar farko, haɗe da kuɗin zama na wata 9. A 2023 da na nema, wanda zai zauna wajen Landan fam 1,023 ne a wata, wato fam 9,207. A Janairun 2025 ya koma fam 1,136, kuma yana ci gaba da hawa, na Landan ya fi haka, saboda haka ka duba shafin gwamnatin Birtaniya na gov.uk a ranar da za ka yi lissafi. Kuɗin nan sai sun kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun yi ƙasa da adadin ba ko da na yini ɗaya, kuma ranar ƙarshe a takardar banki kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka tura fom.

Da canjin ranar da ka tura fom ake lissafi, na shafin OANDA, ba na ranar da ka zuba kuɗin ba, ba kuma na 'yan canji ba. Nan ne na sha kashi. Mahaifina ya sayar da fili da 'yan shanu, muka zuba kuɗin a ƙarshen watan Mayu na 2023, lissafi ya cika har da ɗan rara. Tsakiyar Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Fam da yake ƙasa da naira 600 a canjin hukuma, kafin ka ce kwabo ya haura 900. Kuɗin da muke ta ƙirga wa kwana suka zama ba su kai ba. Dole muka nemo ciko, muka soma ƙirga daga ɗaya. Tun daga ranar duk wanda ya zo min ina ce masa ya ɗora rara mai kauri, ba don canji kaɗai ba, har don 'yan kuɗaɗen da banki ke tsakura na saƙon waya da makamantansu.

Sai batun mai asusun, wanda ya fi wuyar bayani a gidajenmu. Kawuna da ya ji halin da ake ciki ya kira ni ya ce, "Kai ɗana ne, je ka banki a ba ka takardar asusuna." Na ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu, su Turawan ba su san wannan zumuncin ba." Asusunka suke karɓa, ko na mahaifi, ko na mahaifiya, ko na wanda kotu ta tabbatar shi ne marikinka. Na kawu, na yaya, na suruki, duk ba su shiga, haka ma asusun kamfani ko da na mahaifinka ne. Abin da muka yi, Kawu ya turo gudummawarsa cikin asusun Baba kafin a fara ƙirga. In na iyaye za ka yi amfani da shi, sai ka haɗa da takardar haihuwarka mai sunansu da wasiƙar amincewarsu. Ni dai shawarata a zuba a naka, a kulle katin a durowa. Dattijo ɗan kasuwa ba ya iya ganin haja mai araha ranar kasuwar Charanci ya kau da kai don wata doka ta kwana 28. Takardar cinikin filin ma ka adana, ko da za a tambayi asalin kuɗin. Wanda gwamnatin tarayya ko hukumar PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ta ɗauki nauyinsa gaba ɗaya, wasiƙar hukumar ta isar masa.

Akwai masu cewa za su haɗa maka takardar banki ka biya su wani kaso. Ana tuntuɓar bankuna a tabbatar, kuma takardar bogi tana jawo haramcin shiga ƙasar na shekara 10. Ka guje su.

Yayin da kuɗi ke kwana, ka je gwajin tarin fuka. Na asibitin Katsina ba ya aiki komai girmansa, sai cibiyar da suka amince da ita, kamar ta hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, a Abuja ko Legas. Hoton ƙirji ne, in lafiya lau a ba ka takarda mai aiki wata 6. In an ga wani tabo sai a ɗauki kaki, sakamakonsa kuma yana iya kai wa sati 8, don haka kada ka bar shi sai ƙurarren lokaci.

Fom ɗin a intanet ake cika shi, kuma ana iya turawa tun saura wata 6 a fara karatu. Cika da hannunka. Za a tambaye ka ƙasashen da ka je cikin shekara 10, to Umara tafiya ce, Maraɗi ma in an buga maka hatimi tafiya ce. Za a tambaya ko an taɓa hana ka bizar wata ƙasa, faɗi gaskiya, ɓoyewar ta fi hanin illa. A nan za ka biya kuɗin biza, wanda ya tashi daga fam 363 a lokacina zuwa 524 a Afrilun 2025, da kuɗin asibitin can Ingila, fam 776 a shekara. Mai digiri na biyu na shekara ɗaya na shekara da rabi yake biya, fam 1,164, saboda bizar tana zarce karatun da 'yan watanni. Ka tabbatar katinka zai iya biyan kuɗin waje kafin ka zauna, mu sai da muka nemi katin dala.

Daga nan ka zaɓi ranar kai yatsu. Ka isa Abuja ana gobe, kuma ka yi tafiyar rana. Ni mota na bi zuwa Kaduna, na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu. Amsa takan zo cikin sati 3. Wani lokaci a kira ka ganawa ta bidiyo, jami'ar ma takan yi tata kafin ta ba da CAS. Me ya sa wannan kwas, me ya sa wannan gari, wa zai biya, me za ka yi in ka gama. Ka san sunayen darussanka, ka yi magana da bakinka ba haddar dillali ba, kuma kada ka ce aiki zai biya maka makaranta, awa 20 kawai aka yarje a sati lokacin karatu.

Masu iyali su sani, tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji ba ya tafiya da mata da yara, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta tura. A yi wannan maganar a gida tun kafin a biya kafin alƙalami.

In biza ta fito, takardar tarin fuka da CAS da adireshin masauki su zauna a jakar hannu. Hajiya za ta cusa maka kilishi da man shanu, ka lallaɓa ka cire, ba a shiga da nama ko kayan nono. Kuka da daddawa da yaji dai na tafi da su, kuma sun kai ni har bayan ƙaramar sallah.