Yadda guntun bututu zai rage maka kuɗin ban ruwan shinkafa

Mai noman rani a Kura ko Argungu ya san fetur ɗin inji ke cinye riba.

Samo bututun roba mai tsawon santimita 30, ka huhhuda santimita 20 na ƙasansa. Kafa shi cikin fangali har ramukan su nutse, ka kwashe taɓon cikinsa da hannu.

Sati biyu bayan dashe, bar ruwa ya janye, kullum kana leƙa bututun. Ko ƙasa ta tsattsage kada hankalinka ya tashi, saiwa na sha. Sai ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙarƙashin ƙasa sannan ka kunna inji, ka tara ruwa santimita 5 a saman ƙasa.

Da shinkafar ta ɗauki ciki kuwa, kada fangalin ya rabu da ruwa har sati guda bayan fure.