Yadda Ake Zana Babban Mutum a Gane Shi, a Kuma Yi Dariya

Zanen barkwanci irin na jarida abu biyu ne a haɗe: kama da magana. Kama ita ce mai kallo ya gane wanda aka zana tun bai karanta komai ba. Magana kuwa ita ce abin da zanen yake faɗa game da mutumin, ko game da halin da ake ciki. Masu koyo sukan ƙarar da ƙarfinsu a kan kama su manta da magana, sai a tashi da hoto mai kyau wanda bai ce uffan ba. Saboda haka da maganar ake farawa, fensir yana ajiye.

Rubuta abin da kake son faɗa a jimla guda, gajeriya. "Tsadar rayuwa" take ne kawai, babu abin zanawa a cikinsa. "Ɗan siyasa ba ya tuna hanyar gidan talaka sai zaɓe ya matso" jimla ce, akwai mai yi, akwai abin da ya yi. Daga nan sai ka nemo abin da ido zai gani a madadinta. A nan Bahaushe yana da gata, domin karin maganarsa da yawa zane ne da aka riga aka gama. "Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana": rubuta "kasafi" a jikin rijiya, ka sa wa guga babbar riga, jama'a su yi layi da bokitai wayam. Sai dai wanda kowa ya sani ba ya ba da dariya sai an murɗa shi. Ɗauki jimlar ɗan siyasar nan. Mai gaggawa zai zana ƙaton mutum yana miƙa wa ramamme kuɗi, abin da aka zana sau dubu. Gwada tsakar gida: tukunya a kife, kyanwa ta yi ɗaiɗai tana barci a cikin tokar murhu, hoton takarar da ta wuce ya koɗe a bango, ga mai hoton nan a bakin ƙofa riƙe da ƙullin taliya ɗaya yana cewa, "Na same ku lafiya?" Duk wanda ya tashi a gidan da ake girki da itace ya san kyanwa ba ta kwanciya a murhun da aka hura. Ba sai ka rubuta "yunwa" ba.

Kafin ka taɓa babbar takarda, yi ƙananan gwaji shida, kowanne girman kwalin ashana, minti ɗaya ɗaya. Abin da bai fito ba a wannan girman ba zai fito a fuskar waya ba.

Yanzu kama. Tara hotunan mutumin aƙalla biyar: na gaba, na gefe, yana dariya, yana ɗaure fuska, yana jawabi. Bidiyo ya fi hoto, domin a can za ka ga yadda yake karkata kai da yadda yake ɗaga hannu. Hoton kamfe shi ne mafi rashin amfani, an riga an goge duk abin da kake nema.

Ba za ka san inda fuska ta saɓa ba sai ka san matsakaiciyar fuska. A cikinta idanu suna tsakiyar kai daidai, tsakanin tsakar ka da haɓa, ba can sama ba inda masu koyo suke kai su. Faɗin fuska ido biyar ne, tsakanin ido da ido kuma faɗin ido ɗaya. Daga mafarin gashi zuwa gira, daga gira zuwa ƙarƙashin hanci, daga nan zuwa haɓa, kashi uku ne masu tsawo ɗaya. Kunne yana farawa daga saitin gira ya ƙare a saitin ƙarƙashin hanci. Aikinka shi ne ka auna mutuminka da wannan ma'auni, ka ga inda ya ɗara da inda ya gaza. Idan haɓarsa ta ɗan fi kashinta tsawo, ninka tsawon. Idan idanunsa sun matsu da juna, ƙara matse su har su kusa gaisawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ba kowa ƙaton hanci da manyan kunnuwa. Abin da mutum yake da shi ake kambamawa. Mai ƙaramin hanci ƙara ƙanƙanta masa shi ake yi. Na biyu shi ne kambama komai lokaci guda. Zaɓi abu biyu, in ya yi yawa uku, ka bar saura. Kuma duk inda ka ƙara, sai ka rage a wani wuri, kamar mai matsa ƙullun fulawa: muƙamuƙi ya faɗaɗa, goshi ya tsuke. In ba haka ba, kan ne kawai ya girma, kamar ba ta motsa ba.

Fara da siffar kai gaba ɗaya kafin ido da baki. Runtse ido ka dubi hoton har sassan fuska su dushe: ƙwai ka gani, ko tulu, ko turmi, ko ƙwarya a kife? A 1831 wani mai zane ɗan Faransa, Charles Philipon, ya nuna, a zane huɗu, yadda kan Sarki Louis-Philippe yake rikiɗa ya koma wani ɗan itace mai siririn sama da faɗin ƙasa, kamar ƙaramin gora. Daga nan wannan siffa kaɗai ta isa, ko a bango aka zana ta an san da wa ake.

A wajenmu rabin kamar babban mutum tana kansa ne da jikinsa. Doguwar hular Shagari, baƙin tabarau na Abacha, malafar Jonathan, jar hular Kwankwaso, tsawo da wushiryar Buhari, zagayayyen tabarau na Tinubu da alamar da ke jikin hularsa: ko an shafe fuskar za a gane su. Don haka kada ka yi wa hula zanen jeka-na-yi-ka. Zanna Bukar daban, dara daban, haɓar kada daban, kuma yadda mutum yake karya ta ko ya tura ta ƙeya yana cikin kamarsa. Haka naɗin rawani, haka ɗaurin ɗankwali. Idan wanda kake zanawa ba shi da irin wannan alama, kana iya ba shi, muddin daga aikinsa ko bakinsa ta fito. Zapiro, mai zanen barkwanci na Afirka ta Kudu, ya dasa wa Jacob Zuma, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar, kan shawa a tsakar ka tun 2006, bayan da Zuma ya shaida wa kotu cewa wanka ya yi don rage haɗarin kamuwa da cutar ƙanjamau. Shekara da shekaru shawar nan tana kansa a zane.

Jiki kuma a taƙaita shi. Mutum na gaske tsawonsa kai bakwai ne zuwa takwas. A zanen barkwanci kai biyu da rabi zuwa uku sun isa. Babbar riga tana rufa wa mai zane asiri, tunda ta ɓoye gwiwa da ƙugu, amma ba ta ɓoye hannu, kuma hannu yana magana kusan kamar fuska. Ka koyi zana shi a buɗe, a dunƙule, yana nuni, yana karɓa ta bayan fage.

Kayan aiki ba su da yawa: farar takarda A4 mai ɗan kauri, fensir HB, magogi mai laushi, alƙaluman zane masu kaurin baki milimita 0.3 da 0.5 da 0.8, da baƙar maka ta cike wurare. Zana da fensir sama-sama, kada ka danna, domin ramin da ya bari tawada za ta bi. Da ka gama, juya takardar ka ɗaga ta a haske ka duba ta baya. Nan take karkataccen ido ko muƙamuƙi zai tona kansa. Sannan tawada: 0.8 a layin waje, 0.5 a sassan fuska, 0.3 a ƙananan abubuwa kamar aikin wuyan riga. Layi mai kauri ɗaya ko'ina yana sa zane ya kwanta. Na dama ya fara daga hagun takarda, bahago daga dama, don kada gefen hannu ya shafe. A ba tawada minti biyar kafin a goge fensir, da damina a ƙara. Da hunturu kuma a riƙa rufe alƙalami ko da na ɗan lokaci ne, bakinsa saurin bushewa yake. Biro ba ya wannan aiki, yana tara tawada a baki ya ɗiga.

Baƙar fata tana da nata lura. In ka cike fuska da duhu, ido da baki sun nutse, a takardar jarida kuma da tawada ke bazuwa sai ta koma dunƙulen baƙi. Bar goshi da karan hanci da saman kumatu fari, ka yi inuwa da siraran layuka a gefe ɗaya kawai, da ƙarƙashin haɓa da ƙarƙashin hula. Ka kiyayi kumbura leɓe ga wanda ba haka nasa yake ba. Tsohon salon Turawa ne na wulaƙanta baƙar fata, kuma yana shigowa hannun mai koyo ta hanyar kwaikwayo ba tare da ya sani ba.

Rubutu a fara yin sa, sannan a kewaye shi da da'irar magana. Wanda ya fara da da'ira ƙarshensa matse haruffa. Kalmomi kada su wuce goma sha biyar a zanen gaba ɗaya. Da boko daga hagu ake karatu, don haka mai fara magana ya tsaya a hagu, mai ba da amsar dariya a dama. Da ajami sai a juya. Yawancin haruffan barkwanci na kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati a gurbinsu, ko "ƙasa" ta koma "kasa". Rubutun hannu ya fi.

Mai aiki da waya zai iya amfani da ibisPaint X ko Sketchbook, mai kwamfuta kuma Krita, wadda kyauta ce. A ware leya uku, wato shimfiɗun zane da manhaja ke ɗora wa juna: ta fensir, ta tawada, ta launi a ƙarƙashin ta tawada. Na bugawa a takarda a adana shi a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, na Facebook da Instagram faɗin fiksel 1080 ya wadatar. WhatsApp yana matse hoto, don haka edita a tura masa a matsayin fayil. Sa hannunka a cikin zanen, kusa da ƙafar mutumin, domin na can gefe yanke shi ake yi.

Saura iyaka. Makaɗan fada sun daɗe suna wannan sana'a da baki: a siffanta abokin hamayyar ubangida ba a kama suna ba, kowa kuma ya gane. Zanen da ya fi daɗewa a bakin mutane ya fi kusa da habaici a kan zambo. Tsawo da wushirya da tumbi na kama ne. Gurgunta, makanta, ciwo da tsagar fuska ba abin dariya ba ne, kuma iyalin mutum ba su tsaya takara ba. Kura mai ɗauke da sunan muƙami ana shanye ta, amma fuskar wani a jikin kare ko alade ko biri zagi ne tsagwaronsa. Zana sanannen mutum da buhun kuɗin sata alhali kotu ba ta same shi da laifi ba ɓata suna ne, kuma an sha gurfanar da mutane a Najeriya ƙarƙashin sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 saboda abin da suka wallafa. Abin ba sabo ba ne: mai zane Honoré Daumier ɗaurin wata shida aka yanke masa a 1832 kan zanen sarkin nan na Faransa, Louis-Philippe. Addini kuwa ba wurin gwaji ba ne sam. An rasa rayuka a Maiduguri a Fabrairun 2006, da Damagaram da Yamai a Janairun 2015, a tarzomar da ta biyo bayan zanen ɓatanci da aka yi a Denmark da Faransa.

Gwajin ƙarshe: rufe rubutun da yatsa, ka nuna wa wanda bai san abin da kake zanawa ba, ka ƙirga daƙiƙa uku. In ya kira sunan mutumin, kama ta fito. In ya ce "Wane ne wannan?", koma kan siffar kai da hula, kada ka ƙara layuka a fuska. In ya gane shi amma ya ce "To, sai me?", jimlar farko ce ba ta nuna ba, sai a koma kan kwalin ashana.