Yadda nake karanta filash ɗin risiba in ajiye

Risibar tauraron ɗan'adam (dikoda) da ta tsaya a jan wuta, ko ta maƙale a tambarin farko ta ƙi wucewa, yawanci filash ɗinta ne ya rikice, wato ma'ajiyar da manhajarta ke ciki. Maganinta a rubuta mata lafiyayyen kwafi, shi kuwa daga jikin 'yar'uwarta mai aiki ake ciro shi. Shi ya sa a shagona na Sabon Gari, duk wadda ta shigo da lafiyarta, nakan nemi izinin mai ita in karanta in adana.

Fara zare ta daga wuta, ka ɗan dakata, don babban kafasita, ma'ajiyar wutar da ke cikinta, yana riƙe caji. Buɗe murfin, ka duba kusa da furosesa, wato babbar aisi (IC) da ke tafiyar da risibar, za ka ga ƙaramar aisi mai ƙafa 8, ita ce filash ɗin. In an rubuta mata 25Q32, megabayit 4 ke nan. 25Q64 kuma 8. Ƙurar hunturun Zariya kan toshe ƙafafun, sai ka wanke su da sifirit da tsohon burushi.

Na'urar karanta aisi ta CH341A nake amfani da ita, da kilif mai kama ƙafafun aisin, da manhajar NeoProgrammer a kwamfuta. Akwai ɗigo a kusurwar aisin, nan ce ƙafa ta 1, jar wayar kilif a kanta za ta zauna. A jikin na'urar kuma gurbin 25 za ka sa, ba na 24 ba. Yawancin aisin nan wutar bolt 3.3 suke so. Masu ƙarewa da FW, irin su W25Q64FW, 1.8 ne, sai da adafta, in ba haka ba ka ƙona wa mutane kaya.

Danna Detect. In sunan aisin bai fito ba, gyara zaman kilif. In ya ƙi, furosesa ce ke jan wutar, sai ka ɗaga aisin da bulowa, na'ura mai hura iska mai zafi, ka karanta ta ita kaɗai. Ni na fi yarda da hakan ma.

Nan ne yara masu koyo ke gaggawa, kuma abin yana damuna. Karatu ɗaya bai isa ba. Danna Read, ka ajiye, ka sake kama kilif ɗin, ka sake karantawa, sannan ka gwama biyun. Ko bayit ɗaya ya saɓa, kada ka yarda da su. In ka ga FF ko 00 daga sama har ƙasa, ba ka karanto komai ba. Fayil ɗin 25Q32 dole ya cika bayit 4,194,304. Maɓallin Erase kuwa, Malam, kada hannunka ya kusance shi kafin kwafi ya tabbata, ko da risibar matacciya ce.

Wurin sa wa fayil suna, rubuta lambar da ke jikin bod, wato allon da aisin ke kai, da sunan furosesa, GX6605S ce ko Sunplus 1506. Kwanso ɗaya kan zo da bod iri-iri, kuma kwafin da bai dace ba yana iya hana rimot aiki ko ya ɗauke sigina.