Yadda Ake Lissafa Cajin Tsawar Da Ke Tashi Daga Dogayen Hasumiyoyi

Idan gini ya haura mita 100, tsawa kan iya farawa daga kansa ta nufi gajimare, maimakon ta sauko masa. Karl Berger ya shafe shekaru yana auna irin wannan tsawa a kan dutsen San Salvatore na ƙasar Siwizalan, kuma an ci gaba da irin aikinsa a hasumiyar Gaisberg ta Ostiriya da ta Säntis a Siwizalan. Mai son sanin yawan cajin da ta sauke, wajibi ne ya fara da fahimtar yadda take tafiya: jagoran wuta, wato tartsatsin da ke buɗe wa tsawar hanya a cikin iska, ne ke tsirowa daga ƙololuwar hasumiyar, galibi ɗauke da cajin alamar tarawa, yana rassa cikin gajimare, yayin da cajin alamar ragi ke gangarowa ƙasa ta hanyar da ya buɗe.

Da farko a ɗaura ma'auni kusa da ƙololuwar. Guntun ƙarfe mai sananniyar tirjiya, wanda wutar za ta ratsa, ya fi dacewa a ganina, domin zoben Rogowski, wato naɗin wayar awo da ke kewaye hanyar wutar, duk da cewa ba ya taɓa wutar kai tsaye, yakan gaza kama kwararar da ke tafiya a hankali sai an yi masa gyara na musamman. A saita na'urar ta naɗi fiye da daƙiƙa ɗaya.

Daga nan a raba abin da aka naɗa gida biyu. Akwai doguwar kwarara ta farko, mai amfiya (ma'aunin ƙarfin kwararar wuta) gommai zuwa ɗaruruwa, sannan akwai gajerun bugu masu tsanani waɗanda kan biyo bayan ɗaukewarta, wani lokacin ma ba sa zuwa sam. A ninka ƙarfin wutar da tsawon kowane ɗan taƙin lokaci, a tara sakamakon. Amfiya 100 na sulusin daƙiƙa ya haura kulom (ma'aunin yawan caji) 30, alhali bugun farko na tsawar da ta sauko daga sama, mai amfiya kusan 30,000, kulom 5 ne kawai a matsakaici.

Inda lissafi ya fi lalacewa shi ne layin sifili, wato adadin da ma'aunin ke nunawa lokacin da babu wutar da ke wucewa. Idan ma'aunin ya karkace da amfiya 5 kacal na tsawon daƙiƙa guda, ka ƙara kulom 5 na ƙarya, don haka a auna karkatar kafin saukar tsawar, a cire ta daga kowane adadi kafin a fara tarawa.