Yadda ake ɗaukar sananniyar waƙa a mayar da ita salon punk

Tun da kiɗan punk, wani salon kiɗan jita mai sauri da ƙara, ya ɓulla a New York da Landan wajen 1976, makaɗansa suke ɗauko waƙoƙin wasu su sake rera su da gudu da hargowa. A 1978 Sid Vicious, makaɗin punk ɗan Ingila, ya yi kaca-kaca da "My Way", wadda Frank Sinatra ya yi fice da ita, a 1995 kuma aka kafa Me First and the Gimme Gimmes a San Francisco, ƙungiyar da ba ta da wata sana'a sai wannan. In kuna da jita da bas (jita mai kaurin sauti) da ganga da mai rerawa, ga yadda za ku yi.

Da farko ku zaɓi waƙar da jama'a suka haddace amshinta. Armashin abin shi ne mai sauraro ya yi ɗan jim, can ya gane ta, ya kwashe da dariya ya kama amshi. Gwargwadon nisanta da punk, gwargwadon daɗinta, shi ya sa waƙoƙin soyayya masu sanyi suka fi dacewa.

Sai ku tuɓe ta. Mai jita ya zauna shi kaɗai ya lalubo haɗin sautin da ke ƙarƙashinta, yawanci uku ne ko huɗu. Goge da fiyano da sauran ƙawa duk a ajiye su gefe. Kowane haɗi ya koma riƙon tsirkiya biyu ko uku, a buɗe amfilifaya har sautin ya yi gurnani, hannun dama kuma ya riƙa saran tsirkiya ƙasa kawai, kamar yadda marigayi Johnny Ramone, mai jitar ƙungiyar Ramones, ya riƙa yi. Wuyan hannu zai yi tsami a makon farko, haƙuri ake yi.

Wajen ƙara gudu ne aka fi yin ɓarna. Kada ku daka tsalle lokaci guda. Ku kunna manhajar ƙidayar bugu, ku fara a saurin waƙar na asali, kuna ƙara bugu goma goma har ku kai tsakanin 160 da 200 a minti. Ku zuba wa bakin mai rerawa ido: da zarar ya fara haɗiye kalmomi yana haki a tsakiyar baiti, kun zarce, ku ja baya. Karin waƙar shi ne abin da ba a taɓawa. Joey Ramone, mawaƙin Ramones, ya rera "What a Wonderful World" ta Louis Armstrong da jita mai ƙara, aka fitar da ita a 2002, amma karin yana nan daram, ko yaro zai gane ta. A ganina duk wanda ya ɓatar da kari, hayaniya ya yi kawai. Ba ma dole ba ne a yi gudun fanfalaki: a 1977 'yan ƙungiyar The Clash ta Landan suka ɗauko "Police and Thieves" ta Junior Murvin ɗan Jamaika, suka bar mata ƙafar rege, suka ja ta har minti shida.

In muryar mawaƙinku ba ta kai inda ta mai waƙar take kaiwa ba, ku sauke sautin gaba ɗaya. Bayan nan ku datse doguwar shimfiɗa da maimaicin ƙarshe. Faifan Ramones na farko waƙa 14 ne cikin minti 29, wannan ya ishe ku ma'auni.

Kafin ku saki, ku duba haƙƙin mallaka. A Amurka doka ta yarda a sake rera waƙar da ta riga ta fito idan an biya lasisi, muddin ba a sauya ainihin karinta ba. Sauya kalmomi kuwa, ko haɗa ta da bidiyo, sai an nemi izinin masu ita daban.